Amsar Masu Rinjaye

A wani gari mai suna Ba-Komai akwai jami'a, kuma a jami'ar akwai Dakta Lantana, wadda aka ba kwas ɗin lissafin kalkulas na 'yan aji ɗaya. Ɗalibai ɗari tara ne, kujeru ɗari biyu. Na gaba suna jin malama, na tsakiya suna jin na gaba, na taga kuwa labari yakan iso su washegari.

A jarrabawa ta yi tambaya a kan saurin cikar tankin ruwa. Amsa huɗu ce. Mutum ɗaya ya rubuta huɗu, wani Tasi'u Barau, wanda ya riga ya faɗi Turanci da tarihi, saura kwas guda a sallame shi. Ɗari shida suka rubuta bakwai. Sauran suka zana tankin.

A Ba-Komai malami ba ya yin maki sai Kwamitin Sasanta Amsoshi ya zauna, domin Sarki Ku-Ƙara-Haƙuri ya hana a ɓata wa jama'a rai da alƙalami ja. Shugaban kwamitin, Farfesa Maikwabo, masanin ladubban taro, ya saurari Dakta Lantana har ta cika allo. Ya yaba kyawun rubutunta, sannan ya tambaya ko tana nufin mutum ɗari shida, 'ya'yan mutunci, duk ba su da hankali. Wakilin 'yan kasuwa ya ce shi a rumfarsa bakwai ta fi huɗu tafiya. Wani dattijo ya nemi a raba gardama a tsaya a biyar da rabi.

"Ranka ya daɗe, tankin bai san an yi zaɓe ba," in ji Dakta.

"Za a rubuta masa," in ji Farfesa.

Aka kaɗa ƙuri'a, bakwai ta lashe. Masu zane suka samu rabin maki saboda ba su ɗauki ɓangare ba. Tasi'u ya samu sifili da takardar gargaɗi kan ware kai daga jama'a.

Dakta ta yi mako uku tana zirga-zirga tsakanin ofisoshi kafin aka yarda ya maimaita kwas ɗin sau ɗaya tak, da sharaɗin ita za ta gyara masa hali.

Da shekara ta zagayo, ita ce mai gadin jarrabawa. Ta ga Tasi'u ya gama lissafinsa cikin minti goma a bayan takarda, tsaf, babu gogewa. Ya bar gurbin amsa babu komai, ya ɗaga kai yana kallonta.

Dakta Lantana ta bi layi-layi tana leƙa takardu, leɓenta yana motsi tana ƙirga amsar da ta fi yawa. Da ta kai ƙarshen ɗakin ta juyo, ta gyara mayafi, ta ɗaga masa yatsu tara.