Talatu Ta Rasu, Ta Gwaram Tana Nan Daram

Da zuciya mai cike fal da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya tokare ni a ƙirji wanda ba zan ambaci sunansa ba, ni Fa'izu ɗan marigayi Malam Zulkifli, mai shagon tura karatu da wa'azi a bakin tashar Birnin Kudu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk mai memori a waya rasuwar kwamfutata, abar ƙaunata, Talatu. Ta cika da hantsi a kan teburin Musbahu mai gyara, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A Kano aka sayo marigayiya wata ranar Talata, shi ya sa na raɗa mata sunan. Ba ita kaɗai aka sayo ba. Su biyu ne, kamfani ɗaya, launi ɗaya, daga kwali ɗaya na 'yan gwanjo. Ɗayar Bahauddeen ne ya ɗauka, wato Baha'u ɗan goggona, taubashina, wanda yake irin sana'ata a Gwaram. Ni na fara zaɓe, na ɗauki mai sheƙi. Shi ya tashi da mai tsagaggen murfi, wadda wani maɓalli ya ɓalle mata tun kafin mu hau mota. Ina roƙon jama'a su riƙe wannan a ransu, domin tasa tana nan da ranta har yanzu da nake wannan sanarwa.

Talatu ta kasance mai haƙuri, mai karɓar baƙi, marar raina kowa. Da safe idan na buɗe ta, takan gaishe ni da "tirin-tin", ko da wuta ko babu. Manomin Unguwar Ya da ya sayar da riɗinsa ya zo da memori a cikin hula, ta karɓa. Tsohuwar da ta ƙulle nata a gefen zane tare da goro, ta karɓa. Ba ta taɓa tambayar wani daga wace waya ya fito ba. Ta sha zafin bazara a shagon langa-langa, fankarta tana "fuuuu" a hankali, ba ta taɓa tsayawa ana tsakiyar turi ba. Harafin "a" ya goge a kibod ɗinta saboda aiki, ba don wulaƙanci ba.

Amma babbar amanar da ta riƙe ita ce muryar mahaifina. Shekarun da Malam yake ba da karatun safe a zaurensa, ni nake zama gefe da rikoda ina ɗauka a kaset. Bayan rasuwarsa na zauna na juye kasusuwan nan kaf a cikin Talatu, kuma Allah ya sa na yi da wuri, don damina biyu bayan nan rufin ɗaki ya yi yoyo, kasusuwan suka tafi. Ya zama a duniyar nan cikakken karatun Malam Zulkifli yana wuri ɗaya ne tak. Daga Sundimina ake zuwa nemansa, daga Dingaya ake zuwa, a wuce shagon Baha'u a Gwaram a shigo mota a zo wurina. Ba na tura wa mutum duka, sai darasi ɗaya ko biyu, idan ya gama saurare ya dawo. Baha'u ya roƙe ni kwafi ya fi a ƙirga. Nakan ce masa karatun Malam a Birnin Kudu ake samunsa.

A cikin karatun akwai wani wuri da ba na gajiya da shi. Malam yana tsakiyar bayani sai ya dakata ya ce, "Fa'izu, abin naka yana ɗauka kuwa?" Sai ya yi 'yar dariya, ya ci gaba. Nan ne kaɗai ya kira sunana a cikin kasusuwan duka.

Kada wani ya ce an bar marigayiya ba tsaro. Tun ranar farko na ɗora mata antibairos na kyauta, wanda muke kira Maigadi. Jarumi ne, ya kama ɓarayi da yawa. Aibinsa ɗaya, ba shi da kara. Da ya hango cuta a memorin mutum sai ya kwarma "ɓiiit! ɓiiit!", sikirin ya yi jawur, alhali mai memorin yana zaune kafaɗa da kafaɗa da ni, shagon ba shi da faɗin da zan kare. Wata rana ya yi wa wani limami haka a gaban 'yan bencin shago. Wani shaƙiyyi ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe kai ma kana ɗauke da ita?" Liman bai sake taka shagona ba. Tun daga ranar, duk sa'ad da dattijo ya shigo, nakan kwantar da Maigadi ya ɗan yi barci har baƙo ya tafi. Wanda ya kira wannan sakaci, to ba a gidan malamai ya tashi ba.

Da sallar bara Baha'u ya zo gaida dangi, ya biyo shago yana ƙamshin turare, ya zauna mini a kujera ba wanda ya ce ya zauna. Wai ya ƙara wa tasa mai gadi na biyu, na kuɗi, wanda ake sabuntawa duk shekara. Bai kori na kyautar ba, tare suke aiki, ba sa faɗa. Na biyun yana farautar irin mugayen manhajojin da na farkon bai ma san kamanninsu ba, masu leƙen asiri da masu kulle wa mutum fayilolinsa.

"Taubashi," in ji shi, "ka bar tsohon a bakin ƙofa, ka ƙara masa wani a cikin gida. Shi wannan ba ya ihu, a ɓoye yake damƙe ɓarawo. Ko ka kwantar da na farkon don kunyar tsofaffi, shi idonsa biyu."

Na ce, "Ku mutanen Gwaram komai sai kun sa masa fankama. Ka riƙa biyan kuɗi duk shekara a kan abin da ko taɓa shi ba za ka iya ba? Maigadina bai yi mini laifin komai ba."

Ya yi dariyar nan tasa mai fitar da wushirya, ya shanye mini zoɓo, ya tafi. Da daga wani bakin shawarar ta fito, da wataƙila na duba ta. Amma ban ga ranar da ɗan goggo zai koya mini sana'ar da a shagona ya fara ganinta ba.

Ciwon ajali ya shigo ne ta hannu mai daraja. Wata ranar kasuwa surukina ya zo daga Sundimina, mahaifin Safara'u uwar 'ya'yana, dattijon da ko sunansa ba na iya faɗa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zaro memori daga aljihun 'yar ciki ya ce, "Malam Fa'izu, a sa mini karatun Malam, inda yake bayanin zakkar hatsi. Girbi ya matso." Na san memorin nan. Ya kwana a wayar jikoki, ya kwana a shagon mai caji, ba wayar da bai leƙa ba a ƙauyen. To, jama'a, ku gaya mini tsakani da Allah, wa zai bari na'ura ta yi wa surukinsa ihun ɓarawo a bainar jama'a? Na kwantar da Maigadi, na tura karatun. Baba ya sa mini albarka, ya kama hanya.

Yana fita na tashi Maigadi na ce ya duba gida. Ya zagaya, ya dawo ya nuna mini kore, wai lafiya lau.

Ba a jima ba Talatu ta fara nauyi. In danna abu sai ta yi dogon tunani. Fankarta ta bar "fuuuu" ɗin da na sani ta koma gurnani, jikinta ya yi zafi rau. Shafuka suka riƙa buɗe kansu. Da na shiga inda karatun Malam yake, sai na tarar sunayen darussan sun rikiɗe sun zama tarkacen haruffa, kowanne fari fat, in danna ya ƙi buɗuwa. Na danna na zakkar hatsi, shiru. Na danna wanda ya kira sunana, shiru.

Na rungume ta na kai wa Musbahu. Ya buɗe, ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Malam Fa'izu, wannan ba ƙaramin bairos ba ne, mai kulle fayil ne. Ya ma ɗaure maka antibairos ɗin tun shigarsa. Ka ga da kana da na biyu irin na Baha'u, da tun a ƙofa ya tare shi." Ka ji fa! Ina tsaye a kan majinyaciyata, nan ma sai an ambaci Baha'u. Musbahu ya yi iya yinsa, amma rumbun ajiyarta dama ya tsufa, ga wahalar da mugun ya ba shi. Muna kallo ta yi "kat, kat, kat", sikirin ya yi shuɗi, sannan ya yi baƙi. Ba ta sake cewa komai ba.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda mai ɗaurin salatif a wuya, da maus mai ciwon danna dama, da sifika biyu da ɗaya ce kawai take magana, da jakar da zif ɗinta ya riga ta gidan gaskiya. Maigadi ya bi ta, a bakin aiki, hannunsa a ɗaure. Ta kuma bar 'yar uwarta ta Gwaram, mai tsagaggen murfi, wadda har yau ko suna ba a raɗa mata ba, wadda ake ɗora wa kofin shayi a ka, wadda ban taɓa ganin an goge ta da tsumma ba. Ita ce mai masu gadi biyu, ita ce take kunnuwa kullum da safe kamar ba a yi komai ba. Ni da nake lulluɓe tawa da sabon tawul, ni ne a zaman makoki. Ba na yi mata fatan sharri, Allah ya sani. Amma idan na tuna ta, abinci ba ya yi mini daɗi.

Cikin masu gaisuwa ta waya, Baha'u ne ya fara kira. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, ban kama shi da dariya ba, ko da yake na kasa kunne sosai. Sai ya ce, "Taubashi, karatun Kawu fa?" Na ce ai karatun ya tafi tare da Talatu. Ya ce in kwantar da hankalina. Ashe duk shekarun nan, duk wanda ya kai masa memori da darasin Malam a ciki, sai masu gadinsa su wanke memorin tas, shi kuma ya kwafi darasin ya ajiye. Abin da na riƙa rabawa ɗaya-ɗaya don kada ya samu, shi ya riƙa tsinta ɗaya-ɗaya har ya kusa haɗa duka. Ya ce akwai wani darasi da ya samu a memorin wata tsohuwa Hajjo ta Dingaya, bari in ji. Na ji ya danna wani abu. Sai ga muryar ubana ta cikin waya, daga Gwaram, daga cikin kwamfutar nan marar suna:

"Fa'izu, abin naka yana ɗauka kuwa?"

Sai 'yar dariyar. Na kashe wayar, na juya wa 'yan benci baya. Na yi hamdala, hawaye na zuba, kuma a lokaci guda na ji kamar in shaƙe Baha'u. Har yanzu haka nake ji, duka biyun.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, malamai sun ce ba a yi wa ƙarfe da roba. Musbahu zai cire batir da sikirin a bai wa wata mabuƙaciya, sadaka. Gangar jikin za a naɗe ta a tawul ɗinta a ajiye a saman kantar shago, inda zan riƙa ganinta. Ana karɓar gaisuwa a bencin shago daga hantsi zuwa la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada wanda ya kai labarin nan Sundimina, domin Baba bai san komai ba, yana can yana sauraren zakkar hatsi, kuma haka nake so ya ci gaba. Wadda za ta gaji marigayiya, idan Allah ya hore, za a ɗaukar mata masu gadi biyu, na kyauta da na kuɗi. Wanda ya gaya wa Baha'u wannan, ban yafe ba.

Masu neman karatun Malam Zulkifli kuwa, daga yau sai su nufi Gwaram, su tambayi shagon Bahauddeen. Ni ma ranar kasuwa mai zuwa zan shiga mota da sabon memori a cikin ledarsa. Ya riga ya gaya mini ko daga kamfani ya fito sai masu gadinsa sun caje shi, su biyun, a gabana, don babu kunya tsakanin taubasai. Zan zauna a bencinsa in bi layi kamar kowa, har a zo kaina a tura mini muryar ubana.