Ranar Da Na Je Koya Wa Ma'aikata Lissafi

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ranar da na saka babbar riga na tafi yi wa mutane faɗa, na dawo gida ko ido ba na iya ɗagawa.

Aikina a Matameye cike wa ƴan kasuwa takardun haraji. Kontabul suke ce mini (ko da yake biron nawa, wato ofishina, tebur ɗaya ne da kujera biyu, ɗayar ma sai an jingina ta da bango). Cikin masu kawo mini aiki akwai Hajiya Zuwaira, mai sarin gyaɗa daga Dungu da Kurni, wadda ta girme wa mahaifiyata. A shekarar an karɓi haraji a hannunta fiye da ƙima, sai na cike takardar neman a maido mata da rarar, jaka arba'in da biyar.

Bayan wata biyu ta kira ni a waya, cike da murna.

"Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kuɗi sun fito, jaka ɗari huɗu da hamsin."

Na buɗe littafina na duba. Arba'in da biyar ne, ba ƙari. Na ce, "Hajiya, an yi kuskure. An ƙara sifili ɗaya. Sauran dole a mayar."

"A mayar wa wa? Roƙonsu na yi? Shekara nawa suna karɓa a hannuna, yau sun ba ni, ka ce in mayar?"

Kafin in isa gidanta ta riga ta sayi buhunan gyaɗa da kuɗin. Sati guda na yi ina sintiri. Na yi mata bayanin tara, na yi bayanin rufe shago, na yi wa'azi (ni da sai an tashe ni sallar asuba). Kullum amsarta ɗaya ce: "Sha ruwa tukuna." Sai da na ce idan aka gano ni za a fara kamawa, sannan ta yi tsaki ta sayar da buhunan, da faɗuwa kuwa, don farashi ya sauka a makon.

Na ɗauka wahala ta ƙare. Na je ofishin haraji ranar Litinin, aka ce mai sa hannu ya tafi Damagaram. Na koma Talata, aka ce babu rezo, wato layin sadarwa, na'ura ba ta buɗewa. Ranar Laraba Hajiya ta ce da ita za a je, ta ga wanda ya jawo mata asara. Muka zauna a benci tun hantsi, kuɗi a ƙulle cikin leda a cinyarta, tana ta yi mini mita a kunne. Da layi ya zo kanmu, wata ma'aikaciya mai tabarau ta saurare ni, ta ce sai na fara rubuto takardar bayani.

A nan haƙurina ya ƙare. Na miƙe, na gyara hula, na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Madam, ku kuka yi kuskure, mu za mu rubuta bayani? Kwana uku ina yawo da kuɗin gwamnati ba mai karɓa. Mutum yana cin albashi amma bai iya ƙirga sifili ba. Ɗan aji biyu a lakkwal ba zai yi wannan ba."

Har na ji wani a baya yana cewa, "Gaskiya ne." Hajiya ma ta gyaɗa kai. Na ƙara kumbura.

Matar ta tashi ta ɗauko takardun Hajiya, ta zaro ɗaya, ta juyo da ita wajena.

"Malam, mu ma da laifinmu, da ba mu sake lissafi ba. Amma wannan rubutun wane ne?"

Rubutuna ne. Hatimina ne. Ga sifilin nan na zana shi ƙato, kamar ƙwai. Abin da ya fi ƙona mini rai, a layin ƙasa inda ake rubuta adadi da kalmomi, nan ma ɗari huɗu da hamsin na rubuta, da kyakkyawan rubutu. Littafina na yi ta dubawa duk kwanakin nan, takardar da na miƙa kuwa ko kwafinta ban ajiye ba.

Hajiya ta leƙo ta gefen kafaɗata.

"Ɗana, ni ban yi lakkwal ba. Karanta mini sunan wanda bai iya ƙirga sifilin ba."

Mutumin da ya ce gaskiya ne shi ya fara dariya. Na zauna a wurin na rubuta takardar bayanin, da alƙalamin da Madam ta ara mini, na kuma bayyana da hannuna cewa kuskuren nawa ne. Faɗuwar gyaɗa kuwa wata huɗu na yi ina yi wa Hajiya aiki kyauta kafin ta ce mun rabu lafiya.

Tun daga ranar, ko ina da gaskiya dubu, ba na buɗe baki sai na ce a nuna mini takardar tukuna. Idan kuma faɗan ya zama dole, a zaune nake yinsa, a hankali, yadda na ƙarshen layi ba zai ji ba.