Nomau da Inuwar da Ta Ɓata

A Tungar Marke an yi wani mutum da ake kira Nomau. Dogo ne mai fara'a, ba ya ƙarya, ba ya musu, sai dai duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Tabawa ta daɗe da gane kansa. Tun ranar da ta ce ya ga kada wuta ta mutu a murhu, ya yi ta tura ice har tuwo ya koma gawayi, ba ta ƙara sa shi aiki ba sai ta faɗa masa inda zai fara da inda zai tsaya. 'Yarsu ɗaya ce, Dije, tana aji huɗu.

Aikin Nomau buga ƙararrawa a firamaren garin. Ƙararrawar kuwa tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataya a jikin darbejiya. Babu abin da yake so a duniya kamar wannan aiki, don kullum da safe tare suke tafiya da Dije, ita da jakarta, shi da guntun ƙarfensa a kafaɗa. Matsalar ɗaya ce, bai iya duba agogo ba. Sai hedimasta, Malam Ɗahiru, ya leƙo ta taga ya yi masa magana kafin ya buga. Da hedimasta ya gaji, sai ya ce zai nemo wanda ya san agogo.

Malama Rakiya, malamar aji huɗu, ita ta roƙa masa afuwa. Ta ce dama tana son koya wa yara auna lokaci da rana, kuma agogon rana ko Nomau zai iya karanta shi. Hedimasta ya ce ya ji, amma kuskure uku ya yafe, na huɗu Nomau ya ajiye ƙarfe.

Wata rana Malama ta fito da yaranta, suka kafa sanda a miƙe a tsakiyar fili. Ta nuna musu yadda inuwa ke miƙewa yamma da safe, ta gajarce da tsakar rana, ta juya gabas da yamma. Da za su koma aji ta ce, "Baba Nomau, ka kula da sandar nan kamar yadda kake kula da Dije." Ya ce to. Da rana ta take, yara suka fito duba inuwa, suka tarar da rami kawai. Ga sanda can a gindin darbejiya an jingine ta, an yayyafa mata ruwa, Nomau na yi mata fifita.

"Baba Nomau, me ya kai ta nan?"

"Malama, ni ban taɓa barin Dije a cikin rana irin wannan ba."

Yara suka yi ta dariya har da masu zama a ƙasa. Hedimasta ya ɗaga yatsa ɗaya daga taga.

Wata rana kuma, bayan an mayar da sanda, yara suka jera duwatsu uku a inda inuwa ke biyowa: fari na shiga aji, ja na fita tara, baƙi na tashi. Malama ta ce, "Kada ka ƙara taɓa sandar. Da zarar inuwa ta taɓa baƙin dutse, ka buga tashi." Nomau ya buga ta shiga aji daidai. Daga nan ya tsuguna yana kallon inuwa tana jan jiki kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ga baƙin dutse can nesa. Tausayi ya kama shi. Ya tashi ya ɗauko dutsen ya kawo mata har inda take, ta taɓa, ya buga tashi. Ko ƙarfe tara ba ta yi ba. Hedimasta na tsaye da alli yana tsakiyar lissafi, kafin ya juyo ajin ya zama wayam, sai takalmi ƙafa ɗaya a bakin ƙofa.

"Sandar kika ce kada in taɓa," in ji Nomau. "Kuma ba ki ce wa zai je wurin wa ba."

Hedimasta ya ɗaga yatsa biyu.

Wata rana Malama ta koya wa yara auna inuwa da tafin ƙafa, yadda tsofaffi ke yi don sanin azahar da la'asar. Ta ce kowa ya auna tasa tun daga dugadugi har kai. Nomau na jin ta ta taga, ya ce shi ma bari ya gwada tasa kafin tara. Ya jera ƙafa ɗaya, inuwa ta matsa. Ya ƙara, ta ƙara. Ya ce ai kuwa sai ya kai kan nan. Haka ya fita daga makaranta yana ƙirga, ya bi ta yamma ta cikin gonaki, da rana ta yi tsaka ta karkata da shi arewa, da la'asar ta juyo da shi gabas. Dab da magariba sai ga shi a ƙofar gidan surukinsa a ƙauyen gaba, kansa a sunkuye.

Tsohon ya ce, "Nomau, lafiya? Ya mutan gidan?"

"Dubu goma sha tara da ɗari shida da biyu, Baba. Kada ka ɓatar da ni."

A kan jaki aka mayar da shi gida. Ranar nan ba a buga tara ba, ba a buga tashi ba. Da safe hedimasta bai ɗaga yatsa ba, kallonsa kawai ya yi, Nomau ya gane saura ɗaya. Dije ta ƙi kallonsa duk hanyar komawa gida, abin kuwa ya yi masa zafi fiye da faɗa.

Malama ta zaunar da shi ta bi hanyar Tabawa. "Kada ka taɓa sanda. Kada ka taɓa dutse, mu za mu riƙa gyara su. Kada ka bi inuwa ko'ina. Ka sa mata ido kawai, in ka ga wani abu ya same ta, ka buga ƙararrawa ka kira mu." Watanni suka wuce lafiya, sanyi ya tafi, bazara ta shigo da zafinta.

Wata rana, cikin ƙarshen Afrilu, jami'in ilimi ya zo duba makarantar. An share ko'ina, yara sun yi tsit a aji, hedimasta na bin baƙo a baya da babbar riga yana gumi. Nomau na tsugune a gaban sanda. Ya saba da gajarcewar inuwa da tsakar rana, amma ta yau daban ce. Ta koma taki ɗaya, ta koma tsawon yatsa, ta koma kamar farce. Ya ƙifta ido, ya buɗe, babu ita. Ya zagaya sandar, ya dubi sama bai ga gajimare ba. Ya san wannan ne na huɗu, amma an ce ya buga. Ya ruga ya kama dukan ƙarfe da hannu biyu yana ihu, "An sace inuwa!"

Makaranta ta fashe. Yara suka fito a guje, baƙo ya fito riƙe da hularsa, hedimasta ya nufi Nomau idonsa jajir.

"Ajiye ƙarfen nan, Nomau. Yau ka gama."

Malama Rakiya ta dubi gindin sanda, ta dafe ƙirji. "Ranka ya daɗe, a dakata. Yara, kowa ya tsaya a miƙe ya dubi ƙafarsa."

Suka duba. Inuwar kowa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Sanda ba ta da ko ɗigo, tulun ruwa ma haka. Malama ta ce sau biyu kawai a shekara rana ke tsayawa daidai tsakar kanmu, kuma abin ba ya wuce 'yan mintuna. Tun watan jiya take jiran ranar, hidimar baƙo ta mantar da ita. Yara suka kama tsalle suna leƙa ƙarƙashin juna. Baƙon da kansa ya kafa alƙalaminsa a ƙasa yana zagaya shi yana dariya.

"Shekara ashirin ina yawon makarantu ban taɓa ganin wannan ba," in ji shi. "Wa ya lura?"

Hedimasta ya yi gyaran murya. "Ma'aikacinmu ne, ranka ya daɗe. Mutum ne mai sa ido ƙwarai."

Nomau bai ji ko ɗaya ba. Ya koma ya tsuguna a gaban sanda, Dije a gefensa, har bakin inuwar ya leƙo ta gabas. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce wa inuwar, "Sannu da dawowa. Nan gaba in za ki fita, ki faɗa."

Sannan ya miƙe ya kai wa hedimasta guntun ƙarfen da hannu biyu. Hedimasta ya dubi ƙarfen, ya dubi baƙo, ya tura masa abinsa.

"Riƙe. Ka zo ka buga, kullum."

Dije ta yi wuf ta kama hannun ubanta. "Ban da Asabar da Lahadi, Baba."