Ranar da Jakuna Suka Ƙi Takawa

Shekara bakwai ke nan da ruwa ya janye daga Dajin Kalgo, sai tafki guda, wanda Sarki Zaki da Sarki Damisa kowa ke cewa gadonsa ne. Waziri Burungu, wata kura mai zaƙin baki, shi ya kawo maganin rigimar a fada.

"Jama'a, mun yi ban kwana da yaƙi," in ji shi. "Darar sarakuna za mu riƙa yi duk kaka. Kowa da gidansa a fili. Kuma talakan da ya kai ƙarshen fage, a take za a naɗa shi waziri. Wannan gwamnati ta talaka ce!"

Aka zana fili gida sittin da huɗu. Kowane sarki da manyansa, su dawakai da giwaye, a layin baya, jakuna takwas a gaba. Sarki taku ɗaya kawai yake yi, jaki ba ya ja da baya, kuma wanda aka ci a wasa, cin gaske ake yi masa. Don hana maguɗi, Burungu ya kafa doka: sarkin da ya taɓa ɗan wasansa, ko ya bar gidansa ba bisa ƙa'ida ba, ya rasa tafki da rawani.

Akaza, wani tsohon jaki mai tabo a wuya, ya yi wasa shida. Bai taɓa ganin jakin da ya zama waziri ba. Abin da ya gani shi ne ƙanensa Goho, saura taku ɗaya ya kai ƙarshe aka sadaukar da shi, da yamma kuma sarakunan biyu suka ci namansa a akushi guda suna dariya. Abin ya tsaya masa a rai ƙwarai. Bana shi aka ajiye gaban Sarki Zaki, gidan da ake fara turawa.

A bakin tafki ya tambayi jakunan Damisa, waɗanda galibi surukansa ne, ko sun taɓa lura da wanda ke buɗe wa sarki hanya. Suka kaɗa kunne, alamar sun gane.

Ranar wasa aka buga tambari. Zaki ya ce Akaza ya taka. Akaza ya kafe ƙafafu, irin kafewar da jaki ya gada. Sauran sha biyar ɗin ma haka. Dawakai suka tsallake layi, suka ga ba mai bin su, suka yi gaba abinsu. Giwa, mai tsaron gefe, ta fara gyangyaɗi.

Rana ta take. Zaki ya ɗaga hannu zai kai mari, ya hango Damisa na jiran ya taɓa. Ya sauke.

Burungu ya matso da baki, ya raɗa wa Akaza cewa wazirci nasa ne yau yau, in dai zai taka.

"Ranka ya daɗe, ai ba mu karya doka ba," in ji Akaza. "Tsayuwa kawai muke yi."

Ya sunkuya ya hau cin ciyawar gidansa. A bayansa, sarki mai taku ɗaya, wanda jakuna suka toshe wa hanya, yana ta duba inda zai sa ƙafa, bai samu ba.