Ranar da Makiyayan Burumburum Suka Zama Tauraruwar Zuciyata

Ba zan taɓa mantawa da rabin aikin da ya kusa raba ni da Hadiza ba.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, ina aiki a wani ofishin allurar shanu a Tudun Wada. Kwamfuta ɗaya gare mu, ni ke kula da ita, har na tsara mata yadda za ta adana sunayen masu shanu. Saura umarnin gyara suna. Gaɓa biyu gare shi: me za a canza, sannan na wa za a canza. Na gama ta farko, ta biyun ta gagare ni.

"Ko ka ƙarasa, ko ka cire shi," in ji shugabanmu Malam Sabo. "Ba na son rabin abu."

Na ce to, ranka ya daɗe. Na kuma bar shi (a littattafan soyayyar da nake haya a kasuwa, ban taɓa ganin jarumin da ya ce "ban iya ba").

Hadiza ce mai buga mana takardu, 'yar Arɗon Burumburum, tana da karsana da sunanta a cikin na'urar. Sai na umarci kwamfuta ta mayar da sunanta "Tauraruwar Zuciyata". Na riga na hango ta riƙe da katinta na allura, tana sunkuyar da kai, iska na kaɗa mayafinta. Na'ura ta karɓa ba musu. Ashe gaɓar farko kawai ta ji.

Na buga katunan duk masu shanun, na ɗaure ban duba ba.

Ranar allura, makiyaya sun cika fili, Malam Sabo ya ɗauki lasifika, ya jawo katin farko.

"Tauraruwar Zuciyata!"

Ba wanda ya fito. Ya jawo na biyu, na uku. Duk sunan nan ne.

Arɗo ya dogara sandarsa ya dube ni. "Yaro, duk cikinmu wa kake so? Ni dai na tsufa."

Fili ya ɗauki dariya. Hadiza ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

Malam Sabo ya sa mu biyu muka sake shigar da sunayen ɗaya bayan ɗaya, ina karantawa tana bugawa. Da muka zo kan nata ta ce, "Wannan a bar shi yadda yake."

Umarnin kam na cire shi. Abin da ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba. Wadda kake so kuwa, ka faɗa mata da bakinka. Har yau in na je gaishe da surukina, sai ya ce, "Ga mai sonmu duka."