Dandamalin Mai Girma Ginshiƙi

Allah Ya yi wa unguwarmu baiwa da abubuwa uku: famfon da ke kawo ruwa ranar da ya ga dama, ƙungiyar wasan kwaikwayo, da kuma Mai Girma Ginshiƙi. A cikin ukun nan Ginshiƙi ne kaɗai bai taɓa ɗaukewa ba.

Ba mu muka sa masa sunan ba. Shi ya raɗa wa kansa a wajen taron rabon gidan sauro, inda ya ce duk al'ummar da ba ta da ginshiƙi rugujewa za ta yi, sannan ya dafa ƙirji don kada mu sha wahalar nema. Shekara talatin ya yi a ofishin duba zanen gine-gine yana buga hatimi. Bai taɓa ɗaga bulo ba, amma in kuka jera a titi, duk benen da kuka wuce sai ya nuna shi da baki ya ce, "Aikina ne." Tabarau biyu gare shi, ɗaya na karatu, ɗaya na cirewa in zai faɗi muhimmiyar magana. Alƙalami uku ne a aljihunsa, kuma in ka roƙi aro zai ce maka dukkansu na sa hannu ne.

Ita kuwa ƙungiyar wasan, shekara goma sha biyu tana gwaji a bayan shagon Mai Aski, wanda shi ke rubuta wasannin tsakanin kai da kai. Magini ne ke fitowa a alƙali saboda tumbinsa, Anti Tela ke ɗinka kayan wasa da ragowar yadin mutane. Ruwan sama na sauka, wasa ya watse. Da hukuma ta gaji da ganin takardun roƙonsu sai ta ba su fili a bayan tasha, da sharaɗi ɗaya: in shekara ta zagayo ba a ga rufi a kai ba, fili ya koma hannunta.

Tambaya ɗaya ta kai su gidan Ginshiƙi, wato wace ƙofa ake ƙwanƙwasawa a ofishin nan a buga wa zane hatimi. Sun shiga da tambaya, suka fito da shugaban kwamiti. Har yau Mai Aski bai san ta inda aka yi zaɓen ba.

Wayyo aiki! Zama na farko an yi shi ne a kan yadda za a jera kujerun zama. Na biyu a kan muƙaman da za a rubuta a ƙarƙashin sunan shugaba a saman takardar wasiƙa. Na uku aka karanta bayanin na farko da na biyu, shugaba ya gyara waƙafi. Wata uku suka tafi. Mai Aski ya koma lissafin watanni yana aski, har ya yi wa wani direba ƙwal a inda ya ce a rage masa kaɗan.

Mutanen unguwa dai ba su yi rowa ba. Matan kasuwa suka cika gwangwanin madara, 'yan tasha suka yi karo-karo, mai kantin magani ya ba da buhun siminti ashirin. Anti Tela ta sayar da kekenta na biyu, wanda take ajiye wa 'yarta, ta kawo kuɗin a ƙulle a bakin zane. Da Ginshiƙi ya ga gwangwani ya yi nauyi, sai ya sadaukar da kansa ya tafi babban birni ziyarar gani da ido. Kwana biyu a otal, don al'umma.

Ya dawo ya tara kwamiti, ya cire tabarau na biyu.

"Jama'a, na je na gani, kuma na gano kuskuren da duk duniya take yi. Sun ɗora 'yan wasa a sama cikin haske, sun bar manyan mutane a ƙasa cikin duhu. Ni nan da kuke gani, layi na tara aka zaunar da ni, kusa da wani mai cin gyaɗa. A ginin da zan bar wa tarihi ba za a yi haka ba."

Ya zaro zanen da Magini ya kwana uku yana yi, ya ja masa jan layi. Za a gina dandamali na manyan baƙi, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, yana fuskantar jama'a. A sa fitilu a samansa. A yi masa ƙofa ta baya don kada manya su goga kafaɗa da kowa, da ɗan ɗaki mai madubi inda mutum zai gyara zaman hularsa. A kuma rataya labule, kada a ga manya sai sun gama zama.

"To, 'yan wasa fa, ranka ya daɗe?" in ji Mai Aski.

"Ƙasa tana da faɗi."

Mai Aski ya yunƙura zai tashi, sai Magini ya take masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Da suka fito ya ja shi gefe.

"Kai da kake rubuta wasa ba ka gane abin da ya zana ba? Tudu, fitila, labule, ɗakin canja kaya. Dandamalin wasa ne wannan, wallahi ya fi nawa kyau. Bar shi ya gina. Kujera ai ɗaukuwa take yi."

Haka aka yi. Tunda abin nasa ne, Ginshiƙi bai bar leburori sun huta ba. Kullum yana wurin da lema, yana hawa tudun yana gwada ɗaga wa jama'a hannu. Dandamali ya tashi, bango ya tashi, aka yo odar allon dutse mai sheƙi da za a manna a bango. Nan gwangwani ya ce ga garinku. Aka ɗaga kai sama, ba katako ba kwano, sai shaho yana shawagi. Saura mako uku wa'adi ya cika.

Bege ɗaya ya rage. Rabin motocin tashar nan na wata dattijuwa ne da ke zaune a can ƙarshen gari, Hajiya Mai Motoci. Ba ta san kowa a kwamitin ba, amma an ce tun tana yarinya take son wasa. Da aka shirya taron neman taimako aka aika mata gayyata, ta aiko direbanta da saƙo gajere: za ta zo. In wasan ya sa ta dariya, katako da kwano a wuyanta. In bai sa ta ba, a nemi wani.

'Yan wasa suka duƙufa gwaji ba ji ba gani. Wasan awa guda ne. Ginshiƙi ya karɓi takardar tsarin taro ya mai da shi minti goma, ya kai shi can ƙasa, ya rubuta a gefe: in lokaci ya bari.

Ranar ta zo. Da yamma fili ya cika maƙil, har kan katanga. An jera kujeru goma sha biyu a kan dandamali, kowace da sunan babban baƙo a manne. Ban da shugaba, babu wanda ya zo a cikinsu. Wasu sun aiko da uzuri, wasu ko uzurin ba su aiko ba. Hajiya kuwa ta zo da mayafinta na kullum, ta ga benci ta zauna tsakanin matan kasuwa. Ba wanda ya gane ta sai 'yan tasha.

Aka ja labule. Ga fitilu a kunne tun rana ba ta faɗi ba, ga kujeru goma sha ɗaya wayam, ga Mai Girma Ginshiƙi shi kaɗai a tsakiya cikin rigar da ta sha sitaci har tana ƙara.

Mutum ne mai bin ƙa'ida, don haka ya tashi ya gaida kujerun ɗaya bayan ɗaya, kowace da muƙaminta, yana ɗan rusunawa. Sannan ya juyo.

"Jama'a, ba na son yabon kai, kowa ya sani. Amma tarihin wannan gini ba zai fahimtu ba sai an koma ranar da aka haife ni."

Aka koma. Mun yi firamare tare da shi, mun ci jarrabawa, mun shiga ofis, mun buga hatimi na farko. Ya sa tabarau, ya cire tabarau, ya sa biyun a tare bai sani ba. Da ya iso kan kwana biyun da ya yi a otal saboda mu, muryarsa ta karye, ya zaro hankicin da aka goge musamman, ya share ido ɗaya, ya leƙo da ɗayan ya ga ko ana kallo. Daga nan ya yaye ƙyallen allon dutse. Sunansa da muƙamansa sun cinye layi bakwai, sunan ginin bai samu wuri ba.

A nan ne wata dariya ta tashi daga bencin mata, irin ta tsohuwar da ba ta tsoron kowa. Ai kuwa kamar an buɗe famfo. Dariyar da unguwa ta shekara ashirin tana haɗiyewa ta ɓalle gaba ɗaya, wasu suna dukan cinya, mai kantin magani ya faɗo daga benci. Gwano ba ya jin warin jikinsa. Ginshiƙi ya ɗauka ƙauna ce, ya ɗaga hannu biyu, ya ƙara minti arba'in.

A ɗaki mai madubi kuwa ba mai dariya. 'Yan wasa sun jiƙe sharkaf cikin kayansu, rana ta faɗi, lokaci bai bari ba. Mai Aski ya kasa haɗa ido da Anti Tela. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska, yana tunanin kekenta.

Sai aka ce ana kiran mai ƙungiya. Mai Aski ya fito, ya tarar da tsohuwa a gindin dandamali tana share hawaye da bakin mayafi.

"Ɗana, gobe ka aiko a ɗauki kwano," in ji Hajiya. "Na ga masu kwaikwayon mashayi, na ga masu kwaikwayon marowaci, amma ban taɓa ganin wanda ya iya kwaikwayon shugaban kwamiti kamar bawan Allahn nan ba. Gaisuwar kujerun nan, kai ka rubuta masa? Sharaɗina ɗaya, duk ƙarshen wata ya maimaita, zan zo da jikokina."

Ginshiƙi ya cire tabarau, ya buɗe baki. Magini ya matso ya raɗa masa, "Ranka ya daɗe, in ba rufi fili zai koma hannun hukuma. Har da allon."

Bakin ya rufu. Tun da muka san shi, ranar muka fara jin shirunsa.

"Yi maza ka cire rigar mutane ka mayar wa tela," Hajiya ta ce masa, "kada gumi ya ɓata musu kayan wasa."

An buga rufi saura kwana huɗu wa'adi ya cika. An sauke kujerun ƙasa, wasan Mai Aski ya hau sama, kuma daga kuɗin tikitin wata biyu aka sayo wa Anti Tela keke. Duk ƙarshen wata Mai Girma Ginshiƙi yana hawa dandamalinsa ya gaida kujeru, yana gaya wa kowa cewa sadaukarwa ce yake yi don al'umma. Har gwaji yake zuwa yanzu, ya tsaya gaban madubi yana koyon karya murya.

Hajiya ba ta fashi, amma ta yi wa Mai Aski ƙorafi. Ta ce mutumin nasu ya fara lalacewa, bai kai ranar farko ba. Wai yanzu da gani ka san kwaikwayo yake yi.