Kitson Jirgin Baba

Ni mai kitso ce a unguwar Levenshulme ta Manchester, kuma ba na iya ganin zare a hargitse in wuce. Zuwana na farko gidan surukaina a unguwar Small Heath, can wani birni, baban mijina, tsohon injiniya, ya nuna mini ɗan jirgin ruwa na wasa da ya shekara yana haɗawa: sanduna biyu, da ƙyallayen kama iska a tsakaninsu.

"Staysail schooner ke nan, 'yata. Ƙyallayensa ƙanana ne, ko tsoho zai iya da su. Aibinsa ɗaya, igiyoyi sun yi yawa."

Na ce a raina, wannan ai aikina ne. Yana fita masallaci na kitse igiyoyin nan tsaf, shuku har da jela. Yau Baba zai san ya yi suruka.

Da yamma duk gidan muka tafi tafkin lambun shaƙatawa don a gwada jirgin. Iska ta buso, ƙyallayen suka ƙi juyawa, jirgi ya kife a gaban agwagi.

Baba ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Amma fa kitson ya yi kyau."

Har yau in motarsa ta lalace, sai ya bugo waya Manchester: "'Yata, ko za ki zo ki yi mata shuku?"